Abin da Sakatarenta Ya Rubuta

A bakin kwata suka haɗu, ita da safar hannu ta roba, shi da takalmin ruwa har gwiwa.

Ranar farko ce ta horon jagorancin al'umma da ake yi duk Asabar a wani ajin firamare. Matasa ashirin da huɗu suka zo da sababbin littattafai, suna jiran lacca. Malamar horon, wata dattijuwa da ta yi ritaya daga aikin gwamnati, ta dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Ku ajiye littattafan," in ji ta. "Wanda bai san inda ruwan unguwa yake tsayawa ba, ba shi da abin faɗa wa mutanen unguwa."

Ta raba su biyu-biyu, ta ba su tef ɗin awo, ta tura su su auno duk inda magudana ta toshe. Haka aka haɗa 'Yar Tela da Dogo.

"Riƙe nan." Ta miƙa masa bakin tef ɗin, ko kallonsa ba ta yi ba.

"An riƙe, ranki ya daɗe."

"Ni ba wasa na zo yi ba."

"Ni ma ba wasa ne ya jefa ni cikin kwata ba. Mita nawa?"

"Bakwai da rabi. Rubuta."

Ya goge hannu a wando, ya rubuta. Ta leƙa takardar don ta kama shi da kuskure, sai ta tsaya. Rubutu ne tsaf, kowane harafi a miƙe, kamar an buga da inji.

"Mece ce sana'arka?"

"Gyaran famfo."

"Mai gyaran famfo da wannan rubutun?"

"Ke ma ai ban taɓa ganin mai wannan fuskar tana harara haka ba. Ga shi na gani."

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi. Dogo ne da gaske, siriri, da idanun wanda ba ya gaggawa. Ta kau da kai da sauri, ta ce a je kwata ta gaba.

Gara a faɗi gaskiya tun yanzu. Ba kishin al'umma ne ya kawo 'Yar Tela wannan horo ba. Fansa ce ta kawo ta.

Shekara bakwai da suka wuce, tana 'yar sha biyar, Ummanta tana da shagon ɗinki a bakin titin tsohuwar unguwarsu. Mahaifinta ya daɗe da rasuwa, shagon nan shi ke riƙe da su. Wata rana kwamitin unguwa ya kira taro, Ciyaman ya tashi ya ce za a rushe shaguna uku don a faɗaɗa magudana. Umma ta ɗaga hannu.

"Ke tela," in ji Ciyaman, "nan ba wurin awon riga ba ne. Sauke hannunki."

Aka yi dariya. Yarinyar tana gefen uwarta, ta ji dariyar har cikin ƙashinta.

Bayan sati biyu katafila ta zo. Ba a faɗaɗa magudanar ba har yau. Wurin ya koma wajen wankin mota na surukin Ciyaman. Da Umma ta kai kuka ofishin hukuma, sai aka ɗauko littafin taron aka karanta mata layi ɗaya: duk mahalarta sun amince, babu wanda ya ƙi. Aka rufe maganar. Suka kwashe kayansu suka koma ɗaki ɗaya a can ƙarshen gari, keken ɗinki tsakanin gado da ƙofa.

Tun daga ranar yarinyar ta gane cewa ba da sanda aka doke su ba, da taro ne da takarda. Ta yi alkawari za ta koyi yadda ake ɗaura taro da yadda ake kwance shi, sannan ta koma ta sauke mutumin nan a gaban mutanen da suka yi dariya.

Horon ba na zama ba ne. Sati na biyu aka tura su gida-gida su tambayi mutane abin da ke damunsu. An rufe musu ƙofa a fuska sau huɗu, wata tsohuwa kuma ta riƙe su awa guda tana ba su labarin ciwon gwiwarta. Sati na uku suka koyi rubuta wa hukuma wasiƙa, suka kai da ƙafarsu, suka zauna a benci har aka buga musu hatimin karɓa. Sati na huɗu aka fara gwajin taro. Malama tana da wata 'yar ƙararrawa, minti uku ga kowane mai magana. 'Yar Tela ta zama shugabar taro, Dogo sakatare. Sunayen suka bi su har waje.

Saƙonsa na farko ya shigo tana taya Umma ɗinke maɓalli.

"Shugabata, sakatarenki na neman izinin magana. Minti uku kawai."

"An ba ka biyu."

"To. Tun ranar kwata ban sake auna komai daidai ba. Jiya na yanke bututu ya gaza, maigidana ya tambaye ni ko lafiya."

"Lokacinka ya ƙare."

"Saura rabin minti, ina duba agogo. Ina son ki."

Ta kife wayar a cinya. Umma ta dube ta ta saman tabarau.

"Wa ke sa ki murmushi kina soke yatsanki a kayan mutane?"

"Aikin horo ne, Umma."

"Uhm. Allah ya ba da sa'ar horo."

Bayan kwana biyu Dogo ya bayyana da jakar kayan aiki, wai ya ji famfon tsakar gidansu yana zuba. Wata uku famfon yana zuba, masu haya shida suna ta jiran mai gida. Ya durƙusa ya gaida Umma, ya gyara, ya ƙi karɓar ko sisi. Umma ta bi shi da kallo har ya fita.

"Wannan an yi masa tarbiyya," in ji ta. "Ɗan gidan wa ne?"

"Shi kaɗai yake zaune kusa da shagonsu. Ban tambaya ba."

Da ma ta tambaya.

Sati na biyar, bayan an tashi da rana, suna zaune a inuwar bangon makaranta, ya ce mata, "Shugabata, kowa a ajin nan yana koyo ne. Ke kamar wuƙa kike wasawa. Wa za ki yanka?"

Ta ba shi labarin duka. Shagon, hannun Umma, dariyar, layin da ke cikin littafi. Ta faɗi sunan unguwar. Ba ta lura da yadda ya daina motsi ba.

"Ciyaman ɗin na san fuskarsa," ta ce. "Wanda ya rubuta layin nan ne ban sani ba. Shi ma ina nemansa. Mutum yana zaune, yana ganin hannun mace a sama, ya rubuta babu wanda ya ƙi. Allah ya isa tsakanina da shi."



Dogo kuwa shi ne ɗan Ciyaman na uku. Yana ɗan sha takwas, ya gama sakandare ke nan, uban ya miƙa masa littafin taro saboda kyan rubutunsa. Ya rubuta abin da ya gani, cewa tela ta ɗaga hannu ba a saurare ta ba. A gida uban ya karanta, ya yage shafin, ya tsaya a kansa ya faɗa masa abin da zai rubuta. Ya rubuta, ya sa hannu. Ranar da katafila ta zo yana tsaye daga nesa. Watan bai ƙare ba ya bar gida ya tafi koyon gyaran famfo, kuma wannan shafin ne ya kawo shi horon nan bayan shekara bakwai.

Duk wannan yana bakinsa. Abin da ya fito shi ne, "Allah ya saka muku."

Kada wani ya kira wannan tausayi. Tsoro ne. Ya ji tsoron ubansa yana yaro, yanzu ya ji tsoron rasa yarinya, kuma duka biyun ƙarya suka haifa.

Sati uku suka ƙara cikin daɗi. Yana raka ta har bakin layinsu. Ta ɗinka wa jakar kayan aikinsa sabon hannu. Ya rubuto mata, "Hasken idona, yaushe zan turo manya?" Ta amsa, "Sakatarena, bari in gama aikin da ya kawo ni. Daga nan ka turo ko gari guda ne."

A ajin akwai wani da ake kira Honarabul, saboda babbar rigarsa da yadda yake miƙa wa kowa hannu biyu kamar gobe zaɓe. Tun satin farko yake turo wa 'Yar Tela saƙonni, ba ta amsawa. Ɗan tsohuwar unguwarsu ne, ya san kowa ya san ɗan kowa. Da Malama ta ce kowa ya aro tsohon littafin taro na wani kwamiti a zo a duba kurakuransa, Honarabul ya san wanda zai aro.

Ya ajiye shi a buɗe a kan teburinta.

"Ranki ya daɗe, duba mana wannan. Na ga kina son kyakkyawan rubutu."

Ba ta buƙaci karanta sa hannun ba. Haruffan nan miƙaƙƙu ta san su kamar tafin hannunta. Duk mahalarta sun amince, babu wanda ya ƙi.

"Au, ba ki san ɗan wa kike yawo da shi ba?" Honarabul ya dafa ƙirji. "Wallahi na ɗauka kin sani."

Ta tashi da littafin, ta taka har teburin Dogo, ta ajiye a gabansa. 

"Hannunka ne?"

"Hannuna ne."

"Ciyaman ubanka ne?"

"Mahaifina ne. Ki bari in yi miki bayani."

"Sati uku kana da bakin bayani."

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta koma ta zauna, ta buɗe littafinta, ta ci gaba da darasi. Masu hankali a ajin sun fi jin tsoron wannan.

Umma kuwa da ta ji, sai ta tsayar da keke cak.

"A gidan nan? Ya durƙusa ya gaishe ni da hannun nan? Na sa masa albarka?" Ta miƙe tana huci. "Famfon da ya taɓa ma na daina shan ruwansa. In kin sake kawo min maganarsa, ki nemi wata uwar."

Kuma ta cika. Daga ranar maƙwabta take aikawa a ɗebo mata ruwa, ga famfo a tsakar gida yana aiki lafiya lau.

Saƙonninsa suka yi ta shigowa. Ya rubuta mata labarin shafin da aka yage, bai rage komai ba. Ya ƙare da, "Ban ce ki yafe ba. Ki faɗi abin da zan yi." Kwana huɗu ba ta amsa ba. Rana ta biyar ta rubuta:

"Jarrabawar ƙarshe a unguwarku zan yi ta. Ni ce shugabar taro, kai ne sakatare. Da hannunka ka binne uwata, da shi za ka rubuta faɗuwar ubanka."

"Na ji. Zan rubuta duk abin da ya faru."

Jarrabawar ƙarshe taro ne na gaske. Kowane mutum biyu za su tara mutanen wata unguwa a kan wata matsala, su gudanar da taron, su kawo rahoto da sa hannunsu su biyun. Malama ba za ta iya zuwa taro goma sha biyu ba, da rahoton take yanke hukunci. Ta kuma sanar cewa mutum biyun da suka fi kowa za a ɗauke su aikin horar da na baya. Kowa ya san 'Yar Tela ce ta ɗaya.

"Doka ɗaya ce ba ta da gyara," in ji Malama. "Shugaban taro ba shi da ɓangare. Hannun da ya fara tashi shi za a fara ba dama, ko na maƙiyinka ne. Wanda ya karya wannan ya faɗi, sai ya sake horon daga farko."

Sati uku 'Yar Tela tana bin tsohuwar unguwa gida-gida, da duk dabarun da aka koya mata. Ta zauna da mai shayin da aka kora daga bakin titi. Ta saurari matan da ruwa ke shiga ɗakunansu duk damina. Ta samo kwafin dokokin kwamiti a wurin wani tsohon malami, ta tarar an rubuta zaɓe duk shekara uku. Ciyaman yana shekara ta goma sha shida a kan kujera ba a yi zaɓe ko ɗaya ba. Ta kwafi shafin, ta raba gida ɗari da ashirin. Dogo yana biye da ita da littafi, tazarar taku uku, ba ta ce masa komai sai "Rubuta."

Ranar taron, ƙarfe goma na safe, zauren makarantar unguwar ya cika har tagogi. Umma ta zo da mayafinta mafi kyau ta zauna a layin gaba. Ciyaman ya iso a makare, ya nufi teburin gaba kamar yadda ya saba, sai ya tarar da yarinya a kujerarsa, ɗansa a gefenta.

"Baba, ga wuri can," in ji ta, ta nuna masa benci.

Ta buɗe taro a kan magudana. Tun kafin ta rufe baki Ciyaman ya ɗaga hannu. Ta gan shi. Ta kai idonta bayansa ta ba mai shayi dama. Mai shayi ya gama, hannun yana sama, ta ba wata mata. Matar ta gama, ta ba tsohon malami, ya karanta dokar zaɓe sau biyu. Hannun dattijon ya fara rawa, ya tallafe gwiwar hannun da ɗaya hannun. Wasu suka fara ƙunshe dariya.

Ta ji daɗi. Ba za a ɓoye ba, daɗin da ta ji a wannan lokacin ba ta taɓa jin irinsa ba.

"Yanzu Baba zai iya magana. Minti uku."

Ciyaman ya miƙe, fuska ta kumbura. "Duk abin da aka yi a unguwar nan da yardar jama'a aka yi shi! Shagunan nan, babu wanda ya ƙi. Yana cikin littafi. Ga wanda ya rubuta nan zaune, ku tambaye shi!"

Dogo ya ajiye biro, ya ɗaga hannu. Ta dube shi a karo na farko cikin sati uku.

"Sakatare."

Ya miƙe, ya fuskanci jama'a. "Ni na rubuta, kuma ƙarya na rubuta. Wannan baiwar Allah ta ɗaga hannu, aka hana ta magana. Na rubuta haka, aka yage, na sake rubuta abin da aka ce min." Ya juya wajen uban, muryarsa ta karye. "Baba, ka gafarce ni. Na kasa ci gaba da ɗaukarsa."

Zauren ya ɗauki hayaniya. Umma ta ɗaga hannu, aka ba ta minti ukunta bayan shekara bakwai. Ba ta cinye ko ɗaya ba. Ta ce, "Ban yarda ba. Abin da na so in faɗa ke nan." Ta zauna.

Aka kaɗa ƙuri'a a kan a yi sabon zaɓe. Tamanin da bakwai suka yarda, tara suka ƙi. Ciyaman ya miƙe zai fita, ya yi tuntuɓe. Dogo ya yi wuf ya riƙe shi. Dattijon ya fizge hannunsa.

"Kada ka sake taɓa ni. Ba ni da ɗa mai kama da kai."

Washegari da hantsi Dogo ya kawo rahoton, ya tsaya a ƙofar gida bai shiga ba. Ta karɓa tana karantawa a tsaye. Komai yana ciki, har maganarsa shi kansa. A shafi na biyu ta ci karo da wannan:

"Tsohon Ciyaman ne ya fara ɗaga hannu. Shugabar taro ta tsallake shi sau uku, hannunsa yana sama minti goma sha ɗaya."

"Mene ne wannan?"

"Abin da ya faru."

"Ka san abin da Malama za ta yi in ta gani. Goge shi."

"Ba zan goge ba."

"Ramawa kake yi wa ubanka?"

"Ubana ya kore ni jiya a gaban mutum ɗari. Ba ni da abin ramawa." Ya sunkuyar da kai, ya sake ɗagowa. "Na taɓa goge gaskiya saboda wanda nake tsoro, kin ga abin da ta jawo muku. Ba zan goge ta saboda wadda nake so ba. In kin ga dama kada ki sa hannu. Amma ni wannan na rubuta."

"Kai ne za ka koya min gaskiya? Kai?"

"A'a. Ke kika koya min."

Ta buga ƙofar a fuskarsa.

Kafin azahar Honarabul ya ji labari, ya turo saƙo: "Ranki ya daɗe, kada ki damu. Kawo in rubuta miki sabon rahoto mai tsafta, a ce sakatarenki ba shi da lafiya na riƙe masa. Wa zai sani? Irinmu ai sai mu rufa wa juna asiri."

Ta karanta sau biyu. Kalmar "irinmu" ta tsaya mata a wuya. Ta zauna a bakin gado da rahoton a cinya. Umma tana taka keke, tana satar kallonta.

"Me aka rubuta da ya hana ki cin abinci?"

Ta karanta mata layin. Ta faɗa mata dokar Malama, da aikin da za ta rasa, da tayin Honarabul.

"Kin tsallake shi ɗin?"

"Na tsallake shi, Umma. Kina wurin."

"Na gani. Har na ji sanyi a raina." Umma ta gyara zare. "Shi kuma yaron ya ƙi gogewa? Ya san zai rasa ki?"

"Ya sani."

Umma ta koma kan ɗinkinta. Keken ya ci gaba da ƙara.

'Yar Tela ta ɗauki biro ta sa hannu a ƙasan shafin, kusa da nasa.

Ranar Asabar Malama ta karanta rahoton a gaban aji, ba ta tsallake komai ba. Ta cire tabarau.

"Taron nan shi ne mafi girma da ɗalibina ya taɓa haɗawa. Kuma kin faɗi. Kin yi wa mutum abin da ya yi wa mahaifiyarki, da kujerar da jama'a suka ara miki. Ki dawo zango mai zuwa, ki fara daga kwata."

"Zan dawo, Malama."

Aikin ya tafi ga wasu. Ta yi kuka a bayan aji, ita kaɗai, kukan da ta riƙe tun ranar littafin. Da ta share fuska ta ciro waya, ta rubuta wa Dogo.

"Na faɗi. Ka ji daɗi?"

"Ban ji ba, wallahi."

"Har yanzu ina jin haushinka."

"Kina da gaskiya."

"Zai daɗe."

"Ina da haƙuri, Shugabata."

Ta daɗe tana kallon kalmar "Shugabata". Sannan ta rubuta, "Umma ta ce ka zo gobe da safe. Kada ka zo da jakar aiki, ba famfo ba ne."

Ya zo, ya durƙusa a bakin ƙofa. Umma ta bar shi a durƙushe har ta gama haɗa hannun riga.

"Ka rushe min shago da biro."

"Haka ne, Umma."

"Ka ci amanar 'yata sati uku."

"Haka ne."

"Sannan ka kayar da ita jarrabawa."

Ya sunkuyar da kai.

"Wannan na ƙarshen ne ya sa na kira ka. Namijin da zai iya ce wa yarinyar nan a'a, ban taɓa zaton an haife shi ba. Tashi ka zauna, kana tare min haske."

Ciyaman kuwa ya rantse ba da shi za a yi auren nan ba. Ya ce 'yar da ta tozarta shi ba za ta shiga zuri'arsa ba. Wata biyar ana kai ruwa rana. Ƙanin Ciyaman ya je ya roƙe shi, ya dawo. Ƙanwarsa ta je ta zauna masa a falo kwana uku tana yi masa faɗa. Bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, kuma mai jiran irinsa ya faɗi haka zai tsufa yana jira. Abin da aka samu daga bakinsa a ƙarshe shi ne, "Ku je ku yi abin da za ku yi." Ƙanin nasa ya karɓi wannan a matsayin izini tun kafin ya canza ra'ayi.

Aka ɗaura aure sati biyu bayan 'Yar Tela ta gama horon karo na biyu ta karɓi takardar shaidarta. Malama ta zo, 'yan ajinsu duka suka zo, har Honarabul, yana ta miƙa wa baƙi hannu biyu kamar shi ne angon. Ciyaman ya zo daga baya, ya zauna can ƙarshe, ya tafi da wuri. Amma ya zo.

Da yamma, kafin a tafi da amarya, Umma ta kira su biyun cikin ɗaki ta tura ƙofa. Suka durƙusa a gabanta, gwiwarsu tana gugar ƙafar keke saboda ƙuncin wuri.

"Ke," in ji ta, "zuciyarki irin tawa ce, ba ta mantuwa. Ki rage, gidan miji ba fagen ramuwa ba ne. Kai kuma, in ka yi mata laifi ka faɗa tun da zafinsa, kada ka bari ta tono."

"In Allah ya yarda, Umma."

Ta ɗora hannu ɗaya a kan 'yarta. Ɗayan ya tsaya a iska kaɗan, sannan ya sauka a kan Dogo.

"Ubanka ban yafe masa ba, kada ka yi zaton na yafe. Wannan tsakanina da shi ne, sai a gaban Allah. Amma kai daga yau ɗana ne. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai tsoron Allah, ya sa ku tsufa tare."

Dogo ya kasa cewa amin, hawaye ya hana shi. Amaryar ta zungure shi da gwiwar hannu ta ƙarƙashin mayafi.

"Ka amsa mana, Sakatarena. Uwarka ke magana."

"Amin, Umma," ya ce. "Amin."